Zariya ko Kano: ina za a kai yarinyar da ke son karatun lauya?

Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah ya raya mana zuri'a. Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce 'yarki tana ajin ƙarshe na sakandare a Katsina, bana za ta cike JAMB, lauya take so, in hakan bai yiwu ba to aikin jarida. Alhaji ya kafe sai ABU Zariya tunda can ya yi, ke kuma hankalinki ya fi kwanciya da BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, saboda ƙanwarki tana aure a Kano. Ni a Samaru, babbar harabar ABU, na yi nawa karatun, ƙannena biyu kuma BUK suka yi, don haka na san ƙofar gidajen biyu. In kin ji na karkata wani gefe, a yi mini uzuri.

Ki fara tambayar Alhaji wace ABU ya yi. Ba wasa nake ba. Idan kimiyya ya karanta ko injiniya ko zanen gine-gine, to Samaru yake tunawa: manyan bishiyoyi, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ɗakunan kwanan ɗalibai na Amina da Ribadu da Suleiman da Ɗanfodiyo, sanyin hunturun da ke shiga har ɓargo. Yarinyar da ta samu lauya ba nan za ta zauna ba. Tsangayar shari'a tana Kongo ne, can wajen Tudun Wada, kuma tsakaninta da Samaru sai an hau mota an ratsa gari. Kongo ƙaramar haraba ce, tana da nata ɗakunan kwanan, nata masallacin, nata ɗakin karatun, kuma kafin shekara ta zagayo kusan kowa ya san fuskar kowa. Ga uwar da ke tsoron kada 'yarta ta ɓace cikin taro, wannan alheri ne. Ga yarinyar da ta ci buri a kan hayaniyar Samaru kuwa, sai dai ta riƙa zuwa yawon buɗe ido ranar Asabar.

Su jami'o'in nan biyu, uwa da 'ya ne. An buɗe ABU ranar 4 ga Oktoba 1962, Sardauna Ahmadu Bello ne ya zama uban jami'ar na farko. Ita kuwa BUK tun 1960 ta fara a matsayin kwaleji a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, da aka kafa ABU sai ta koma ƙarƙashinta da sunan Kwalejin Abdullahi Bayero, ba ta ci gashin kanta ba sai 1977, da Dakta Mahmud Tukur a matsayin shugaba. Wannan asali har yau yana nan a jikinsu. ABU an gina ta don ta horar wa Arewa baki ɗaya ma'aikata, shi ya sa za ki tarar da Bayarabe daga Ilori da Tibi daga Binuwai da Babarbare daga Barno a ɗaki ɗaya. BUK ta tashi daga Larabci da addini da harsuna, daga baya ta miƙe ta kowace fuska, amma har gobe ƙamshin Kano bai bar ta ba.

A karatun lauya, Kongo tana da tsufa a hannu. Tun kafin a yi jami'ar ake horar da alƙalai da ma'aikatan En'e a cibiyar koyon mulki da ke wurin, kuma daga cikin waɗanda suka yi digirin shari'a a ABU akwai Mahmud Mohammed da Ibrahim Tanko Muhammad, dukansu sun riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Najeriya. Tsofaffin ɗalibai irin waɗannan ba abin yadawa ba ne a sana'ar da ake fara ta a ofishin wani babba. Sannan a ABU hanya biyu ce tun wajen cike fom: akwai lauya zalla, akwai wanda ya ƙunshi ƙwarewa a shari'ar Musulunci, kuma shi na biyun yana son a zo da Larabci ko darasin addinin Musulunci. BUK an san ta da haɗa dokar Turawa da shari'ar Musulunci a digiri guda, ta yadda mai gamawa zai iya tsayawa a babbar kotu ya kuma tsaya a kotun shari'a. Idan yarinya ta yi Islamiyya mai kyau, tana jin Larabci ko da kaɗan ne, ko'ina ta je a cikin biyun wannan jari ne. Shekara biyar ne karatun nan da can, bayansa kuma sai Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ɗaya daga cikin rassanta yake Bagauda a jihar Kano, ko da yake ba ɗalibi ke yanke inda za a tura shi ba.

A aikin jarida kuwa, ko ni ɗan Samaru sai na sara wa BUK. Can tsangaya ce sukutum ta sadarwa, ba sashe guda ba, Farfesa Umaru Pate na cikin waɗanda suka tsaya mata. Amma ba ginin ne ya fi jan hankalina ba, garin ne. Ɗalibin jarida a Kano yana fita daga lakca ya hau adaidaita sahu, cikin ɗan lokaci yana Freedom Radio ko ARTV ko Arewa24, yana neman a bar shi ya riƙe wa wani makirfo. Masana'antar Kannywood ma tana nan a gari. ABU tana da nata sashen jaridar a Samaru, mai kyau ne, kuma Zariya ce mahaifar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, sai dai yau manyan gidajen watsa labarai na yankin suna Kaduna, sai an yi tafiya.

To amma, Hajiya, duk wannan hira ce. Inda magana take shi ne gurbi, kuma nan ne iyaye suka fi yin sakaci.

Lauya ba kamar sauran kwasa-kwasai ba ne. Majalisar kula da karatun lauya ta ƙasa ta yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta iya turawa Makarantar Lauyoyi, don haka ko jami'a tana so ba za ta buɗe ƙofa ta kwashi kowa ba. Masu nema dubbai, kujeru 'yan ɗaruruwa. Wannan haka yake a Kongo, haka yake a BUK. Makin JAMB ɗari huɗu ne gaba ɗaya, darussa huɗu, Ingilishi dole. Wanda hukumar ke sanarwa a rediyo, kamar 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025, ƙasan tukunya ne kawai, ba ya kai kowa ajin lauya a waɗannan makarantu. Kowace jami'a tana da nata makin, kowane sashe kuma yana da nasa a saman na jami'ar, sannan ga tantancewar Post-UTME, wadda jami'a ke yi da kanta bayan JAMB.

Abu na biyu, kuma ina roƙonki ki duba shi yau: shin an yi mata rajistar adabin Ingilishi a WAEC da NECO? Makarantu da yawa a wajenmu ba su da malamin darasin, sai a cika wa yaro fom ba tare da shi ba. Lauya yana son kiredit biyar, da Ingilishi da adabin Ingilishi a ciki, kuma adabin yana cikin darussan da za ta rubuta a JAMB. Yara nawa ne suka ci maki mai kyau, kwamfuta ta tsallake sunansu saboda wannan darasi guda. Lissafi ma kada ta raina shi don ba ɓangaren kimiyya take ba. Ku buɗe kundin JAMB na bana a intanet, ku karanta layin ABU da layin BUK ɗaya bayan ɗaya, domin sharuɗɗan ba lallai su zo daidai ba, kuma sukan canza.

Abu na uku shi ne zaɓin farko. Mutane suna cewa a sa ABU farko, BUK ta biyu, wai in an rasa nan a samu can. Wannan jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya ne da ba ya kama ko guda. Jami'ar da masu zaɓinta na farko suka yi mata yawa ba ta da lokacin waiwayar wanda ya sa ta ta biyu. Ɗaya za ku zaɓa. Sauƙin abin, bayan sakamako ya fito JAMB tana ba da damar canza makaranta ko kwas, a biya kuɗi kaɗan a cibiyar da ta amince da ita. Don haka a cike fom da abin da zuciya ke so, in maki ya fito a zauna a yi lissafi da idon basira. A matsayin zaɓi na biyu ni da jami'ar jiharku zan sa, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, tunda ita ma tana da tsangayar shari'a, kuma 'yar jiha ce ita.

Rabon gurbi a jami'o'in tarayya tsari ɗaya ne: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka lasafta a baya suke a ilimin boko, Katsina kuma tana cikinsu. Ta wannan fuskar 'yar Katsina ba baƙuwa ba ce a Zariya ko a Kano. Bambancin shi ne da wa za ta yi gogayya. ABU Arewa kaf take kallo, har da masu zuwa daga Kudu. BUK kuma tana zaune a tsakiyar jihar da yawan 'ya'yanta kaɗai ya isa ya cika ta. Babu mai sauƙi a ciki, kada wani ya ruɗe ki. Kuma duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi ta bayan gida, a guje shi: tun 2017 ɗaukar ɗalibai ta manhajar CAPS ta JAMB take bi, can yarinya za ta ga sunanta ta danna amincewa, kuma gurbin da bai bi ta nan ba yakan zama ciwon kai ranar tafiya bautar ƙasa. Lambar NIN ɗinta ma a tabbata suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na takardun makaranta, kuma ta cika shekara 16.

Sai zaman yau da kullum. Tsangayar shari'a ta BUK tana sabuwar haraba, kan titin Gwarzo, fili fetal, rana kuwa ba ta da kunya. Tsohuwar harabar tana kusa da Kabuga. Gadon kwana ba ya isar kowa a ko wacce daga cikin jami'o'in, kamar sauran na gwamnati, don haka da an gama rajista a nemi gado ba jira. Wanda bai samu ba a BUK yakan kama ɗaki a Ɗanbare ko Rijiyar Zaki, na Kongo kuma ya nema a unguwannin da ke kewaye. Haya da abinci da kuɗin mota sun fi cin aljihu a Kano. Zariya garin ɗalibai ne, mai shago da mai abinci duk sun san aljihun ɗan makaranta. Kuɗin rajista ya tashi a jami'o'in tarayya tun 2023, amma daga 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga mai buƙata. Yajin aiki kuwa ba ya zaɓe: na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur, tare ya rufe su.

Batun gidan ƙanwarki, a nan zan ɗan saɓa miki. Samun gwaggo ko inna a gari ni'ima ce: ranar zazzaɓi, ranar da kuɗi ya yanke, ranar da yarinya ke marmarin tuwon gida. Amma zama a gidan dungurungum wani abu ne daban. Ki fara tambayar a wace unguwa take. Idan Hotoro ce ko Na'ibawa, yarinyar za ta ƙare ne a cunkoson hanya, ta iso lakcar ƙarfe takwas a gajiye, ta koma gida ta tarar da wanke-wanke da rainon ƙanne, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce tana da jarabawa gobe ba. Karatun lauya karatun haddar shari'o'i ne da zaman ɗakin karatu har dare. Da ni ne, ta kwana a makaranta, ta riƙa zuwa wajen innarta ƙarshen mako. Hanya kuma Kano ta fi muku kusa daga Katsina, kina iya zuwa ki dubo ta ki kwana a gidanki.

In kin ce lallai sai na yanke: idan lauya ne kaɗai a ranta, ta ci maki mai tsoka, kuma yarinya ce mai iya riƙe kanta, Kongo zan kai ta, Alhaji ya ci wannan. Idan kuwa zuciyarta rabi lauya rabi jarida ce, kamar yadda kika faɗa, BUK ta fi, domin in lauya ya kuɓuce aka juya ta zuwa sadarwa, ta faɗa inda ya fi ƙarfi, ga kuma 'yan'uwa kusa. In duka biyun suka ƙi bana, ba a rufe ƙofa ba: akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da ABU ke kula da jarabawarsa, a yi kamar shekara guda a nemi shiga aji biyu kai tsaye, ko da yake nan ma kujerun lauya ƙidayayyu ne.

Kafin a je cibiyar rajista, ku ware rana biyu ku ɗauke ta, ta taka Kongo da ƙafarta, ta taka sabuwar harabar BUK, ta tsayar da 'yan matan da ta gani sanye da fari da baƙi, su ne ɗaliban lauya, ta yi musu tambayoyin da ba za ta yi a gabanku ba. Ke da Alhaji ku jira ta a mota.