Jikka 75 na biya kuɗin dabino, icen ado aka kawo mini

Jama'ar Maradi, duk wanda ya ga tallar dashen dabino a WhatsApp, wai mace zalla, na ɗakin gwaji (wanda ake fiddawa daga tsokar uwa, ba daga ƙwallo ba), daga waje aka kawo, ya riƙe kuɗinsa. Jikka 75 na tura wa mutumin nan. Dashe 10, kowane jikka 7 da rabi, ban da jikka 3 na ɗauko su daga tasha. Jikka 75, yau wata 14, ga su nan a garkar bayan gida suna buɗe ganye kamar mahuci.

Kada wani ya ce mini wauta ce. Na san ɗiyan dabino da ake cirewa daga jikin uwa: abu ne mai nauyi, kilo 10 zuwa sama, da tabon yanka a gindi inda aka raba shi da ita, ganyensa kuma ya riga ya rarrabu. Da ya ce mini irin wannan ne a cikin ƴar leda, da tun ranar na kashe wayata. Amma cewa ya yi na ɗakin gwaji ne, kuma na ɗakin gwaji da gaske ƙanana suke zuwa, ganye 3 ko 4, dogaye marasa tsaga. A wannan matakin dabino da kajinjiri da icen ado duk kamarsu ɗaya a hoto. Nan ya kama ni. "Alhaji, kai da ka san icce, ba sai na yi maka bayani ba." Muryar tana nan cikin wayata, na saurare ta ya fi a ƙirga. Kai da ka san icce. Ina gama jin haka na tura kuɗin.

Guda 6 daga ciki Washingtonia ne, icen adon da ake jerawa a ƙofar otel, asalinsa daga Amurka da Meziko. Da ganyen gaskiya ya fito sai ga shi a baje kamar tafin hannu, da fararen zare suna lilo tsakanin tsagogin, da ƙananan ƙayoyi a gefe biyu na sandar ganyen. Dabino ba ya haka har abada. Ganyensa kamar gashin tsuntsu yake, ƙanana a jere hagu da dama bisa sanda ɗaya, kuma na can gindi su ne suke zama dogayen ƙayoyi masu tsini kamar basilla. Da farko na yi zaton goruba ce, tunda ita ma mahuci take yi. Sai dai duk wanda ya taɓa ratsa Gulbin Kaba ya san kaba: ganyenta ya fi kauri, launinsa ya ja toka, ƙayarta baƙa ce a lanƙwashe, ƙwallonta kuwa ya kusa ƙwan kaza. Giginya ma ba ta shiga lissafi, don murucinta ƙasa yake nutsawa, ƴar leda ba ta riƙe shi. Wannan abin da aka kawo mini, ko ya girma ya wuce soro, ƴaƴansa ƙananan baƙaƙe ne, fata da ƙwallo.

Ai tun kafin ganyen ma alamar ta fito. Sati 3 da dasawa guda ɗaya ya mutu, na tumɓuke shi, na ga wani ɗan ƙwallo bai kai ƙwayar wake ba manne da saiwa. Na ce ƙila cikin taki ya zo, na yar. Wannan ne abin da yake hana ni barci, domin dashen ɗakin gwaji ba shi da ƙwallo ko kaɗan, daga tsokar uwa ake fidda shi. Na san haka, kuma na yar da shaidar da hannuna. Ranar ma na kira shi, lokacin lambar tana shiga, ya ce zafin hanya ne, zai aiko da madadi. Ko kuwa bayan salla ne ya faɗi haka, oho, saƙon dai yana nan.

Sauran 3 dabino ne, amma na ƙwallo. Na tona gindin 2 na tarar da ɓawon ƙwallon, dogo mai tsagi a gefe ɗaya. Dabinon ƙwallo kusan rabi maza yake fitowa, kuma ba a gane namiji da mace sai ya yi fure, abin da yakan ɗauki shekara 4 zuwa sama. Furen namiji fari ne a cunkushe, idan ka kaɗa shi gari yake zubowa. Na mace ƙananan ƙulli ne a jere jikin zare. Ko macen ta fito, ba za ta yi ƴaƴa irin na uwarta ba. Wato jikka 22 da rabi na biya kan abin da yaro zai tofar bayan buɗa-baki ya tsiro da kansa, ga kuɗin ruwan pampo na wata 14.

Yanzu lambar a kashe take, ya kuma sake suna da hoto, amma tallar ita ce dai, har da kalmar "mace zalla". Takardar tura kuɗin, da muryar, da hotunan ganyen, zan sa su gaba ɗaya da dare in sha Allah, bayan na dawo daga komisariya.

Kada ku biya kafin ku gani. Ku sa yatsa a gindin dashen, in kun taɓa ƙwallo ku ajiye masa kayansa. Ku nemi takardar da ta nuna sunan iri da inda aka rene shi. Jikka 75, wallahi.