Wane murhun banda ya kamata ka saya?

Banda ba baƙuwa ba ce a wurinmu, amma ta jihohin kudu na ƙasar Amurka daban take. Mu busar da nama muke yi don ya ajiyu, su kuwa so suke ya yi laushin da za a yayyage shi da hannu. A jihohin Karolina da kafaɗar alade suke yi, a Texas da ƙirjin sa, a garin Owensboro na jihar Kentucky kuma da naman tunkiya. Wannan na ƙarshen shi ya dace da mu: kafaɗar rago ko ta sa, mai jijiya da kitse.

Kafin ka taɓa aljihu, ka san aikin. Ana son zafin cikin murhu ya tsaya tsakanin digiri 107 da 121 a ma'aunin Salsiyos, awa shida zuwa goma gwargwadon girman naman, har cikinsa ya kai kusan 93. A nan ne jijiya take narkewa, ƙashi ya zare ba gardama. Saboda haka abin dubawa ɗaya ne: murhun zai riƙe wuta daidai, ko sai ka wuni a gindinsa?

Mai sauƙin kuɗi shi ne ɗan zagayayyen murhu mai murfi na kamfanin Weber, wanda George Stephen ya ƙera a 1952. Asali na gashi ne, amma yana banda idan ka san hannunsa. Sai ka jera gawayi layi biyu a gefe kamar maciji, ka ɗora guntayen itace a kai, ka kunna ƙarshe ɗaya, wuta ta riƙa ci a hankali. Naman yana can ɗaya gefen, kwanon ruwa a ƙarƙashinsa. Kafaɗa ɗaya yake ɗauka cikin walwala. Ga mai gida da iyalinsa, wallahi ya wadatar, kuma shi nake ba mai farawa shawara.

Idan kana tara baƙi, duba Smokey Mountain, shi ma na Weber, da ya fito a 1981. A tsaye yake, wuta a ƙasa, kwanon ruwa a tsakiya, nama hawa biyu a sama. Ruwan ne ke hana zafi tsalle. Ɗan'uwansa na talaka shi ne gangar ƙarfe da mai walda zai huda maka, ya sa raga da ƙofofin iska. Sai dai ka tabbata gangar ba ta taɓa ɗaukar magani ko sinadari ba.

Mai ɗakin wuta a gefe, irin na Texas, shi ke ba da ƙamshin da ya fi kowanne, amma kusan kowace awa sai ka ƙara masa itace. Na araha mai siririn ƙarfe kuwa kada ka saya. Hayaƙi da zafi duk ta gefen murfi suke tsiyayewa. Na yumɓu irin Big Green Egg yana tattalin gawayi ƙwarai, ga nauyi ga tsada, in ya faɗi kuma ya tsage. Murhun kamfanin Traeger na bukatar lantarki da dunƙulen garin katako na musamman, don haka in wuta ba ta tsayawa a unguwarku, wuce shi.

Gawayi fa? Dunƙulallen na kamfani yana ci daidai, shi ya fi dacewa da jerin macijin nan. Na itace ya fi zafi, tokarsa kaɗan, amma girmansa ba ɗaya ba. Amurkawa na sa itacen hikori ko na tuffa. Itacen meskit da suke ji da shi a Texas dangin kiryarmu ne, kuma hayaƙinsa na da ƙarfi, kaɗan ake sawa. Ɗanyen itace da katako mai fenti kada su kusanci namanka. Hayaƙi siriri mai ɗan shuɗi ake nema, farin mai kauri ɗaci yake sawa.

Ka ware kuɗin sayen ma'aunin zafi mai tsinke. Wajen digiri 70 nama zai tsaya cak, wani lokaci awa biyu ko fiye, saboda ruwan da yake fitarwa yana sanyaya shi. Mai ma'auni ya san ba wutar ce ta mutu ba, sai ya naɗe naman a takardar alminiyam ya mayar, ya ci gaba da jira.