Setin tafet a Fijo 504 da Bitil: wane ma'auni ya kamata ka saya?

Duk wanda ya riƙe tsohuwar Fijo 504 ko Bosuwaja Bitil ya san ƙarar nan ta kas-kas-kas da inji ke yi da sassafe. Ka kai gareji a ce maka tafet ne. Ma'ana, ɗan gibin da ke tsakanin bakin roka (ɗan hannun ƙarfen da ke danna bawul) da kan bawul (ƙofar shigar mai da iska ko fitar hayaƙi a inji) ya buɗe fiye da ƙima. Waɗannan injina ba sa gyara gibin da kansu kamar yawancin na yanzu, sai an cire murfi an saita da hannu. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, 504 kuwa sai wajen 2006 aka daina, shi ya sa har gobe aikin nan bai bar garejinmu ba.

Kafin ka sa hannu a aljihu, san lambar da kake nema. A injin 504 mai shan fetur, bawul ɗin shiga 0.10 na milimita ne, na fitar hayaƙi 0.25. Bitil kuwa 0.15 ce duka biyun. Ana awon ne a inji mai sanyi, wanda ya kwana bai tashi ba.

Abin saye na farko shi ne fila geji, wato siraran faifan ƙarfen nan da ke naɗewa kamar askar aljihu. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano za ka same shi iri-iri, kuma a nan mutane ke yin asara ba su sani ba. Akwai mai awon milimita, akwai mai awon inci, akwai mai duka biyun a faifai ɗaya. Fijo ta Faransa ce, Bitil ta Jamus, saboda haka mai milimita za ka ɗauka. Dalili kuwa na gani da idona. Wani yaron gareji ya taɓa saita mini bawul ɗin shiga da faifan da aka rubuta wa .010, yana zaton 0.10 ne. Ashe inci ne, daidai da 0.25 na milimita. Muna tayar da mota sai ga ta tana ƙara kamar keken ɗinki. Maigidansa ya karɓi gejin ya juya shi, ya ce: "Kai, yanzu wannan ne goman taka?" Yaron ya ce: "Oga, ai goma na gani." Allah ya taimake ni kuskuren ta wannan fuskar ya zo. Da akasin haka ne, ya sa 0.10 a bawul ɗin hayaƙi, da shiru za mu ji mu yi ta murna, bawul kuwa na can yana cin wuta. Bawul ɗin hayaƙi ta wurin zama daram a mazauninsa yake sauke zafi. In gibin ya matse, ƙarfe ya ɗau zafi ya miƙe, ba zai rufu sosai ba, sai gefensa ya ƙone. Tafet mai ɗan surutu ya fi mini mai shiru sau goma.

Duba rubutun lambar kuma. Wanda aka buga da tawada, wata biyu cikin baƙin mai ya goge, ka koma kintace. Nemi wanda aka zana lambar a jikin ƙarfen, ka shafa da farce ka ji. Faifan 0.10 ya yi sirantakar takarda, to ka buɗe shi tun a gaban mai shago: in ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa, ajiye masa kayansa. Na tagulla ba na wannan aiki ba ne, yana saurin cinyewa, mai waya zagayayye kuma na filogi ne.

Miƙaƙƙe ko mai lanƙwasar baki? A 504 roka na sama a sarari, miƙaƙƙen ya wadatar. A Bitil kwanciya za ka yi a ƙasa ta gefen tayar baya, nan mai lanƙwasa yake rage wahala. Akwai kuma mai mataki biyu a faifai guda, bakin ya shige, gindin ya ƙi. Ga sabon shiga wanda hannunsa bai san ɗan jan nan da faifai ke yi idan awo ya yi daidai ba, wannan ya cancanci ƙarin kuɗinsa.

Sai maganar ɗaure noti, wato wanda ke kulle sukurun saita gibin a jikin roka. Akwai na'urar da ta haɗa sukundireba da soket wuri guda, tana riƙe sukurun kada ya juya sa'ad da kake ɗaurewa. Mai gareji da ke yin aikin kullum za ta biya shi. Mai mota ɗaya, sifana mai zobe da sukundireba mai faɗin baki sun ishe shi, in dai zai sake awo bayan ya ɗaure, domin ɗaurin kan ja gibin.

Wuri ɗaya ne fila geji ke yin ƙarya. In bakin roka ya cinye ya yi ɗan rami, faifan sai ya haye bisa ramin kamar gada, ya nuna maka 0.25 alhali gibin gaske ya fi haka. Ka saita sau uku, ƙara na nan. A nan ne ma'auni mai fuskar agogo ke da amfani, don shi motsin rokar kanta yake aunawa. Yana da tsada, yana son wurin kafawa, kuma ni ban ga dalilin sayensa don mota ɗaya ba. Gara a kai rokar a goge bakinta, ko a samo wata mai lafiya.

Kada ka baro kasuwa ba tare da gasket ɗin murfi ba, wato shimfiɗar da ke hana baƙin mai yoyo ta bakin murfin. Na Bitil guda biyu ne, ɗaya kowane gefe, kuma tsohon da ya bushe in an mayar da shi, baƙin mai zai riƙa ɗiga bisa bututun salansa kana jin ƙauri tun daga cikin mota.