Cibiyar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Ikeja: abin da muka gani da Inna

Inna ta fara maimaita tambaya ɗaya sau uku a zama guda, wata rana kuma ta ɗora tukunya a wuta ta manta da ita har ta ƙone. A gidanmu da ke Agege kowa ya ce gigin tsufa ne. Likitan ƙwaƙwalwa ya yi mata gwajin auna tunani da ake kira MoCA mai maki 30, ta samu 22, sai ya tura mu ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa da na'urar MRI a wata cibiya mai zaman kanta a Ikeja.

Wurin yana da tsabta, kuma kafin a shigar da ita an tambaye mu ko akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinta, aka sa ta cire 'yan kunne da zobe. Inda suka gaza shi ne harshe. Inna ba ta jin Turanci ko Yarbanci, kuma babu wanda ya gaya mata cewa na'urar tana ƙara kamar ana dukan ƙarfe har kusan rabin awa. Ta firgita ta motsa kai, hoton ya lalace, sai da aka bar ni na tsaya kusa da ƙafafunta ina cewa, "Inna, ki yi ta salati, saura kaɗan." Dattijuwar da mantuwa ta fara taɓawa ta cancanci a yi mata bayani da harshenta tun daga ƙofa.

Sakamakon kuwa ya biya kuɗin da muka kashe, duk da cewa ba kaɗan ba ne. Likitan da ya karanta hoton ya nuna mini hifokamfus, ɗan sashen da ke adana sabbin abubuwan da mutum ya ji ko ya gani, wanda yake fara motsewa a cutar mantuwa ta Alzheimer. Nata ya ɗan ragu kaɗan. Abin da ya fi yawa shi ne fararen tabo da lalacewar ƙananan jijiyoyin jini ke bari, kuma ya danganta su da hawan jinin da ta daɗe tana fama da shi. Babu ciwon ƙari a ƙwaƙwalwar, babu jinin da ya taru. Ya kuma faɗi gaskiya cewa hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, domin mantuwa mai sauƙi ba kullum take zama cikakkiyar cuta ba, ya ce a auna mata bitamin B12.

Zan sake kai ta nan bayan shekara, amma zan nemi a ba mu lokacin safe, domin da yamma ruɗewarta ke ƙaruwa.