Darasin Asabar a shagon attar na kasuwar Omdurman

Wani mai shagon attar, wato shagon kayan ƙamshi da magungunan gargajiya, a kasuwar Omdurman ta Sudan yana karɓar yaran Hausawa 'yan shekara 8 zuwa 12 duk Asabar, yana koyar da su da kayan shagonsa: zoɓo da 'yan Sudan ke kira karkade, hulba, habbatus sauda, ƙaron Kordofan da filasko.

Darasin zoɓo ya fi kowanne armashi. A jiƙa giram 10 a ruwan ɗumi rabin lita na minti 15, a tace, a raba kofi uku. Na farko a bar shi, na biyu a matsa lemun tsami sai jansa ya ƙara haske, na uku a zuba ruwan kanwa sai ya koma shuɗi-shuɗi. Nan yaro ya ga bambancin tsami da kanwa da idonsa. In kanwar ta yi yawa ruwan yakan dagule, don haka a ɗiga kaɗan-kaɗan.

Lissafi yana shigowa wajen awo, inda ake juya dirhamin likitocin da, wajen giram 3, zuwa ma'aunin yau. Tarihi kuwa ta hannun Ibn al-Baitar, masanin tsirrai mutumin Malaga ta Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, wanda ya tattara magunguna kusan 1,400.

A darasin shuka kuwa, hulba tana tsiro cikin kwana 3 zuwa 5 a auduga mai laima, amma ruwa mai yawa yana ruɓar da ita.

Abin gyara shi ne filasko da ke ajiye kusa da hannun yara. Yana sa zawo sosai, ya kamata a rufe shi cikin kwalba.