Hattara da masu tallar "sabon bututun fitsari" a intanet

Bayan tiyatar cire mahaifa, yayata ta samu rauni a bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Likita ya zura mata siririyar roba a ciki, ya ba ta ranar dawowa. Kwana biyu da yin tambaya a wani zauren Facebook sai ga wani mutum ya biyo ta WhatsApp, wai wakilin asibitin ƙasar waje ne. Ya ce za su ɗebi ƙwayoyin halittarta su shuka mata sabon bututu, ba yanka, ba jinya. Wai kafin alƙalami kawai za ta tura. Abin da ya fi tayar min da hankali, har cewa ya yi ta daina zuwa wajen likitanta.

Wannan shawarar tana iya cinye ƙoda. Bututun nan tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne, faɗinsa 'yan milimita. In ya toshe, fitsari ya taru, ƙodar ta kumbura, wani lokacin ta lalace shiru ba tare da ciwo ba. Robar ma ba a barinta haka nan, tana da lokacin canji, in ta daɗe tsakuwa ke kama ta.

Gyaran gaskiya akwai shi. Ana yanke wurin da ya lalace a haɗa bakin biyu, ko a sake dasa bututun a mafitsara, ko a yi gada da ɓangaren mafitsarar ko na ƙaramin hanji. Akwai ma faci da fatar cikin kumatu. Amma bututun da aka shuka a ɗakin bincike har yau gwaji ne, galibi a kan dabbobi.

Ku tuna likitan tiyatar nan Paolo Macchiarini, wanda daga 2011 ya dasa bututun numfashi na roba mai ƙwayoyin halitta a asibitin Karolinska na Suwidin. Mutum uku da ya yi wa a can duk sun rasu, a 2023 kotu ta ɗaure shi shekara biyu da rabi. A babban asibiti ke nan, ina ga wanda lambar waya kaɗai gare shi?

Mun nemi mutumin ya ba mu lambar rajistar gwajin a ClinicalTrials.gov, shafin intanet da ake rajistar gwaje-gwajen magani da jinya, da sunan likitan tiyatar, da kwamitin da ya amince da binciken. Ya turo hoton wani da farar riga da lambar asusu. Da muka nanata, ya toshe mu. Don Allah duk wanda aka tura wa irin wannan saƙon, ya nuna wa likitan mafitsararsa kafin ya tura ko sisi.