RefactoringMiner ko RefDiff: wanne ya dace da bincikenka?

Ɗan'uwa, ka ce kana digiri na biyu a jami'ar Legas da ke Akoka, kana son gano wuraren da aka sake fasalin kod (refactoring, wato gyara tsarin kod ba tare da sauya aikinsa ba) a tarihin wasu ayyukan GitHub, shafin da masu rubuta kod ke ajiye ayyukansu, ka rasa wadda za ka ɗauka cikin manhajojin nan biyu masu gano su, RefactoringMiner da RefDiff. Fara duba harshen da aka rubuta kod ɗin da shi.

In Java ne, ɗauki RefactoringMiner, wanda Nikolaos Tsantalis da abokan aikinsa suka gina a jami'ar Concordia ta Kanada. Yana ɗauko komit (wato sauyi ɗaya da aka adana a tarihin kod) da uwarsa, wato komit ɗin da ya gabace shi, ya gwama jimlolin kod ɗaya bayan ɗaya, ba ya dogara da wani ma'aunin kamanni da sai an saita masa iyaka. Shi ya sa yake ganin ƙananan gyare-gyare na cikin metod (guntun kod mai suna da ke yin wani aiki), kamar sauya sunan bariyabul (wurin da kod ke ajiye bayani). A takardarsu ta 2018, cikin abin da ya ce ya gano, 98 cikin 100 daidai ne, kuma ya kamo 87 cikin 100 na waɗanda ke akwai.

RefDiff kuwa daga jami'ar Minas Gerais ta Brazil ya fito a 2017, aikin Danilo Silva da Marco Tulio Valente. Shi kalmomin cikin kod yake aunawa: in tsohon metod da sabo sun yi kama har suka wuce wata iyaka, sai ya ce abu ɗaya ne aka matsar ko aka sauya wa suna. A nan rauninsa yake. Gajerun metod masu kama da juna suna ruɗa shi, wanda aka matsar kuma aka yi masa gyara mai yawa yana iya kuɓuce masa. Amfaninsa shi ne sigarsa ta biyu tana karanta JavaScript da C. In ayyukan masu rubuta kod na unguwar Yaba a Legas kake hari, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don JavaScript ya yi yawa a can.

Kowanne ka zaɓa, kada ka sauke ma'ajiyar kod ɗin da --depth 1, umarnin da ke kawo komit na ƙarshe kaɗai, don tsimin data. Komit ɗin zai zo babu uwarsa, ka ga babu abin da za a gwama. Kada kuma ka saki RefactoringMiner a kan tarihin gaba ɗaya da -a alhali ka san halin wutarmu. Yanka shi gunduwa-gunduwa da -bc, ka adana kowane kaso da -json, yadda in NEPA ta ɗauke kaso ɗaya kawai za ka maimaita.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaliban da ke tace komit da kalmar "refactor" a saƙonsa. Masu bincike Murphy-Hill da Parnin da Black sun nuna tun 2009 cewa saƙon komit ba abin dogaro ba ne, mutane na sake fasali a tsakiyar wani aiki ba tare da sun ambata ba. Don haka ware wasu daga sakamakon, ka buɗe su ka duba da idonka, ka rubuta nawa ne suka tabbata. A ranar kare aiki, wannan adadin ne zai tsaya maka.